Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Sanata Barau Jibrin: Wanda Ya Ci Ladan Kuturu Shi Zai Yi Masa Aski

Zuwa ga Mai Girma Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa,
Sanata Barau I. Jibrin, mai wakiltar Kano ta Arewa,
Majalisar Dokoki ta Ƙasa, Abuja.



Ranka ya daɗe, na rubuto ne a kan wata tambaya da dokokin ƙasar nan suka bari a rataye, alhali amsarta tana taɓa kowane gida daga Dambatta har Gwarzo. Idan wani ya ɗora ƙazafi, ko tallar damfara, ko kiran a zubar da jini a intanet, wane alhaki ne ke wuyan kamfanin da ya ba shi dandali, kuma wane ne ke wuyan kamfanin da ya ba shi layi? Kai na nufa da tambayar saboda tsarin mulki ya sa sha'anin waya da sadarwa cikin jerin abubuwan da Majalisar Ƙasa kaɗai ke yi wa doka. Komai ƙoƙarin majalisar jiha, ko Hukumar Tace Finafinai da Kano ta kafa tun 2001, ko Hisbah, hannunsu a kan yaron da ya yi bidiyon yake tsayawa, ba ya kaiwa ga kamfanin da ya yayata shi ya kuma ci riba da shi. Abin da nake roƙo guda ne: a yi cikakkiyar doka da za ta sa alhakin kamfani ya bi abu biyu, wato abin da ya sani da abin da ya ci, sannan ta bar wa kotu, ita kaɗai, ikon yanke hukunci a kan duk maganar da ake jayayya a kanta.

Ka fi ni sanin ƙasar da ka fito. A Bichi da Kunchi da Makoɗa da Tsanyawa da Dawakin Tofa gona ta haɗe da gona, ba a barin saura, kuma shekara da shekaru taki da dabba da gumin iyali ne suke riƙe da ƙasar, har masana irin su Michael Mortimore suka shafe rayuwarsu suna nazarin yadda jama'a masu yawa haka suke ci daga ƙasa kaɗan haka ba tare da sun kashe ta ba. Inda mutane suke zaune kusa da kusa irin wannan, babban jarin mutum sunansa ne. Da suna ake ba shi bashin taki zuwa kaka, da suna ake sa shi cikin adashi, da suna ake ba ɗansa mata, da suna ɗan kasuwar Dawanau yake aiko masa da kuɗin riɗi ko wake tun kafin ya ga buhu. A da, tsegumi da ƙafa yake tafiya, daga majalisa zuwa bakin rijiya zuwa kasuwar mako, kuma a hanya yakan ci karo da mai unguwa ko liman ko dagaci, a kira mai maganar a tambaye shi inda ya ji. Yau saƙon murya ɗaya, ko hoton yarinya da aka haɗa da ƙarya, yana kewaye ƙauyuka goma kafin a idar da sallar isha'i, kuma wanda ya fara sakinsa yana iya kasancewa a Legas ko a wata ƙasa. Magana zarar bunu ce tun asali. Abin da ya sauya shi ne yanzu akwai injin da ke zarar bunun dubu a lokaci guda, kuma injin yana da mai shi.

Mu dubi abin da muke da shi a hannu. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta fi mayar da hankali ga mai rubutu, musamman sashe na 24, wanda kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, har majalisarku ta taƙaita shi a gyaran 2024. Abin da dokar ta ɗora wa kamfanoni galibi adana bayanan sadarwa ne na shekara biyu da taimaka wa jami'an tsaro. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta yi abin a yaba, domin ta shimfiɗa hanyar da mai fim ko mai waƙa zai sanar da kamfani an sace masa aiki, a sauke, wanda aka sauke wa kuma ya iya mayar da martani, amma ita a kan dukiyar fasaha kawai ta tsaya. Sai ƙa'idar da hukumar NITDA ta fitar a 2022, wadda ta ce dandali ya sauke abin da ya saɓa doka cikin awa 48 da samun koke, manyan dandali kuma su yi rajista a Najeriya, su naɗa wakili, su riƙa ba da rahoto duk shekara. Ƙa'ida ce ta hukuma, wadda majalisa ba ta yi muhawara a kanta ba, kuma ba ta fayyace wa talaka yadda zai nemi diyya idan an yi biris da kokensa ba. Sakamakon haka, mai fim a Kano yana da hanyar da doka ta zana masa in an sace masa fim, amma uwar da aka tozarta 'yarta a Shanono ba ta da irinta.

Wannan giɓin ne ya sa hukuma take tsalle tsakanin matakai biyu, duka masu ciwo. Na farko shi ne a kama ƙaramin. A Nuwamba 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa matasa biyu bulala 20 da tara saboda bidiyon da suka yi a TikTok a kan gwamnan lokacin, kuma a cikin watan ne aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda abin da ya rubuta a Twitter a kan uwargidan shugaban ƙasa, kafin a janye ƙarar. A lura da waɗanda aka yi wa magana a waɗannan shari'o'i: masu mulki ne. Mataki na biyu shi ne a toshe rijiyar gaba ɗaya. A Yuni 2021 gwamnati ta rufe Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Buhari, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairu 2022, kuma a Yuli 2022 kotun ECOWAS ta ce rufewar haramtacciya ce. A Satumba 2021 aka katse sabis a Zamfara da cewa na mako biyu ne, aka faɗaɗa zuwa ƙananan hukumomi 13 na Katsina da wasu sassan Sakkwato da Kaduna, ya kai watanni a wurare da yawa. Ɗan bindiga bai ƙare ba, amma mai POS ya rufe shago, mai haƙuri ya kasa kiran mota, wanda aka kawo wa hari ya kasa neman ɗauki. Tunda 'yan bindiga suka fara taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa ta iyakar Katsina, wannan darasi ya zama namu kai tsaye.

Ranka ya daɗe, ba sai mun je nesa neman ma'auni ba, domin kasuwarmu ta riga ta raba alhaki tun kafin a haifi intanet. Idan aka kawo saniyar sata kasuwar Dambatta, ba wanda yake tuhumar wanda ya gina titin da aka biyo da ita. Mai filin da aka ɗaure ta ma ba a kama shi don kawai an ɗaure ta a wurinsa, sai fa in an zo an gaya masa ta sata ce, aka nuna masa shaida, ya kau da kai ya bari aka sayar. Amma dillalin da ya riƙe igiyarta, ya yabe ta, ya nemo mai saye, ya karɓi la'ada, shi ba ya cewa bai sani ba, domin aikinsa ne ya san mai ita, kuma da wannan lamunin ne yake cin abinci. Fiƙihun da aka raine mu a kansa ma haka ya tafi. Malamai sun bambanta wanda ya aikata ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadinta, kuma Malikiyya sun ɗora wa mai sana'ar da ya kafa kansa don yi wa jama'a aiki, kamar maɗinki da marini, lamunin kayan da suka salwanta a hannunsa, saboda maslahar jama'a. Mai titi, mai fili, da dillali: waɗannan ukun su ne kamfanonin intanet a yau, kuma kuskuren da ake yawan yi shi ne a zuba su a ƙwarya ɗaya.

Mai titi shi ne MTN da Airtel da Glo da sauran masu ba da layi da data. Su saƙo suke ɗauka daga waya zuwa waya, ba su zaɓa ba, ba su sauya ba, kuma bai kamata ma su leƙa ba, domin sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin wasiƙa da zancen waya. Doka ta wanke su sarai daga abin da mutane ke aikawa, ta bar musu wajibi ɗaya: bin umarnin kotu idan ana neman wanda ya aikata laifi, abin da haɗa layi da lambar ɗan ƙasa ya sauƙaƙa. A cikin wannan rukuni nake roƙon a sa ƙananan masu sana'a na ƙauye, mai cajin waya da mai sayar da data da wanda ya buɗe zauren WhatsApp na ƙungiyar manoma, domin idan doka ba ta ambace su ba, su ne za a fara kamawa, tunda su ne hannu yake kaiwa. Mai fili shi ne Facebook da TikTok da YouTube da X, wato tsohon Twitter, a lokacin da suke ajiye abin da mutum ya ɗora kawai. Alhakinsu ya fara daga lokacin da aka sanar da su. Amma lokacin da suka karɓi kuɗi don tallata wani abu, ko na'urarsu ta zaɓi wani bidiyo ta tura shi ga miliyoyin da ba su nema ba saboda yana riƙe ido a kan talla, sun tashi daga masu fili sun koma dillalai. Wanda ya karɓi kuɗi ya yayata tallar taki na bogi, ko bashin noma na ƙarya da sunan gwamnati, ko irin tarkon zuba jari da ya cinye dukiyar mutane a MMM a 2016 da CBEX a 2025, la'ada ya ci, kuma wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski.

Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan ruwa sun bar mana alamun inda yake da zurfi. A Amurka, wata kotun New York ta ce a 1995 za a iya kama kamfanin Prodigy da laifin ƙazafin da wani ya rubuta a dandalinsa saboda yana tace wasu rubuce-rubuce, wato an hukunta shi don ya yi shara. Majalisarsu ta ga haɗarin haka, ta yi sashe na 230 na dokar sadarwarsu a 1996, amma ta wuce gona da iri, ta ba kamfanoni kariyar da ko an sanar da su ba ta faɗuwa a yawancin lokuta. Jamus ta bi ɗaya gefen a 2017, ta ce a sauke abin da haramcinsa ya fito fili cikin awa 24 ko a ci tara har yuro miliyan 50, masu kare haƙƙin ɗan Adam kuma suka yi gargaɗin cewa kamfanin da ke tsoron tara zai gwammace ya goge halal da haram tare. Kotun ƙolin Indiya a 2015 ta ce a kan umarnin kotu ko sanarwar hukuma ne kawai ake ɗaukar kamfani ya sani. Brazil ta tafi a kan sharaɗin umarnin kotu tun 2014, sai a Yuni 2025 kotun ƙolinta ta ce wannan bai wadatar ba ga manyan laifuffuka. Tarayyar Turai kuwa, a dokarta ta 2022, ba ta tilasta wa kamfani sa ido a kan kowane saƙo ba, amma ta wajabta masa hanyar karɓar koke, da bayyana dalilin sauke abu, da damar ɗaukaka ƙara, ta kuma tanadi tara har kashi 6 cikin 100 na cinikinsa na duniya. Abin da duk wannan ke nunawa shi ne ma'auni ɗaya ba ya auna kowace magana.

Don haka nake ba da shawarar a raba koke gida biyu. Akwai abin da duk mai hankali zai gane haramcinsa da gani: lalata da yara, yaɗa tsiraicin mutum ba da yardarsa ba, kiran a kai wa wani mutum ko wata al'umma hari, da ɗan bindigan da ke baje kolin kuɗin fansa yana neman mabiya. Irin wannan, koken wanda abin ya shafa ya isa, kuma awa 48 ta yi yawa, domin a ƙauye awa biyu ta ishi suna ya mutu. Kamfanin da ya yi jinkiri bayan an sanar da shi ya biya diyya ga wanda aka cuta, ba ga asusun hukuma kaɗai ba. Akwai kuma abin da sai an ji ta bakin ɓangare biyu: zargin cewa shugaban ƙaramar hukuma ya karkatar da taki, ko ɗan kwangila ya bar asibiti a kango, ko saɓani tsakanin malamai. A nan kada a bar ma'aikacin kamfani ko jami'in gwamnati ya zama alƙali. A je kotu, amma a yi wa irin wannan ƙara hanya ta gaggawa ta 'yan kwanaki, a kotun da ke kusa, kuma sammacin da aka kai ofishin kamfani a Najeriya ya wadatar. Duk abin da aka sauke a adana shi don shari'a, a gaya wa mai shi dalili, a ba shi damar kare kansa. Duk buƙatar da hukuma ta aika ta zama a rubuce, a riƙa wallafa adadinta. Katse sabis ga yanki guda kuma kada ya yiwu sai da izinin kotu da wa'adi sananne.

Sai dai duk wannan gini a kan kalma ɗaya yake tsaye, wato sani, kuma a nan ne Bahaushe ya fi kowa cutuwa. Kamfanin da ba ya jin Hausa kullum yana da uzurin cewa bai sani ba. A Yuni 2018 hotunan ƙarya da aka yaɗa a Facebook sun taimaka wajen hura wutar ramuwar gayya a Filato, aka tare hanya a Jos aka kashe matafiya. Binciken da BBC ta fitar a Nuwamba na shekarar ya nuna cewa mutum huɗu ne kacal abokan aikin Facebook suka ware don tantance labarai a ƙasar da mutum miliyan 24 ke amfani da dandalin a lokacin, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu. Daga baya ma, masu tace rubutun Hausa na kamfanin a Nairobi suke zaune, a ƙarƙashin wani ɗan kwangila, har aka sallame su a 2023 suka tafi kotu. NITDA ta sanar da cewa a 2023 manyan dandali sun sauke abubuwa sama da miliyan 65 a Najeriya, amma adadin a dunƙule aka faɗe shi, bai gaya wa mutumin Bagwai nawa ne na harshensa ba. Hausa kuma harshe ne na habaici da zambo da gugar zana, inda kiran kisa yake iya zuwa ba tare da kalmar kisa ba, sannan mutanen karkara da murya suka fi aika saƙo, ba da rubutu ba. Saboda haka doka ta ce duk dandalin da ke cin kasuwa a cikin harshe dole ya ɗauki isassun masu jin harshen, ya buɗe hanyar kai koke da Hausa, har da ta murya don wanda bai yi boko ba, ya kuma riƙa ba da rahoto harshe-harshe. Wanda ya ƙi yin haka, a ɗauke shi ya sani, domin kurumcin da mutum ya ɗora wa kansa ba uzuri ba ne.

Na san za a ce wannan tsohuwar dokar takunkumi ce aka sauya wa riga, kuma masu wannan tsoro suna da hujja. Sun ga ƙudurin Sanata Bala Ibn Na'Allah na 2015, sun ga na Sanata Mohammed Sani Musa na 2019 wanda zai ba hukuma ikon cewa wannan ƙarya ce a toshe, kuma jama'a suka tashi har duka biyun suka mutu. Amsata ita ce a duba wa ake ba wuƙa. Waɗancan ƙudurori hukuma suke ƙara wa iko a kan ɗan ƙasa. Abin da nake nema yana ƙara wa ɗan ƙasa iko a kan kamfani, yana kuma rage wa hukuma ikon da take amfani da shi yanzu ba tare da ƙa'ida ba. Ina ma roƙon a rubuta ɓaro-ɓaro cewa sukar mai riƙe da muƙami a kan aikinsa ba ta shiga cikin abin da ake saukewa da koke, ko da mai muƙamin sanata ne. Idan aka cire wannan sharaɗi da sharaɗin kotu, ni ma ina cikin masu cewa gara a bar mu yadda muke. Kada mu manta cewa bidiyon da mutane suka ɗauka da waya ne ya tona kisan da aka yi wa mafarautanmu 16 a Uromi a Maris 2025. Dokar da za ta sa kamfani ya goge irin wannan shaida don tsoron tara, azzalumi za ta yi wa aiki.

Daga ɗaya gefen kuma, akwai iyaye da malamai da zuciyarsu ta ƙuna da abin da suke gani a wayoyin yara, suna cewa a kama kamfani da duk abin da aka ɗora, ko a rufe TikTok a huta. Ina girmama wannan kishi, amma a auna sakamakonsa. Kamfanin da aka ce zai amsa laifin kowane saƙo tun kafin a sanar da shi, hanya biyu gare shi: ya karanta saƙon kowa, ko ya rufe bakin duk wanda ba ya jin harshensa. Na farko ya kashe sirri, na biyu kuma mu zai fara shafa. A waɗannan dandali ne manomin rani na Watari yake jin farashin tumatir kafin ya yi lodi, matar aure take sayar da turare da dubulan daga ɗakinta, ɗalibi yake sauraren tafsiri, ɗan ci-rani yake ganin 'ya'yansa. Wasu kuma za su ce jita-jita ta girmi intanet, su kawo misalin 2003, lokacin da aka dakatar da allurar shan inna a Kano har tsakiyar 2004 ba tare da Facebook ba, cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ce a yafe wa mai ƙirƙirar ƙarya ba, shi ne mai laifi na farko. Amma ko ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wanda ya ƙera na'urar da ke fifita abin da ya fi tayar da hankali, domin shi ya fi kawo kallo, yana da nasa kason.

Saura tambaya biyu. Ta farko, WhatsApp fa, wanda saƙonsa a kulle yake daga wayar mai aikawa zuwa ta mai karɓa? Kada a fasa wannan kulle, domin ƙofar da aka buɗe wa ɗan sanda ɓarawo ma zai bi ta. Amma kamfanin yana da abin yi ba tare da ya karanta saƙon kowa ba, kuma ya nuna haka da kansa a 2019 da ya taƙaita tura saƙo ɗaya zuwa wuri biyar a lokaci guda. Doka za ta iya neman irin wannan birki, da saurin rufe lambar da aka kawo shaida tana damfara. Ta biyu, ba za su tattara kayansu su bar ƙasar ba? A 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, kotun sauraren ƙorafi ta tabbatar a Afrilu 2025, kamfanin ya yi barazanar rufe Facebook da Instagram a Najeriya, kuma ga su nan ana amfani da su. Ba a barin kasuwar mutum sama da miliyan 200 saboda an ce a ɗauki ma'aikata masu jin Hausa. Abin da ke korar mai jari shi ne rashin tabbas, irin na a kwana ana aiki a tashi an rufe. Doka bayyananniya kariya ce gare su kamar yadda take kariya gare mu.

Ranka ya daɗe, ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace kakar zaɓe tana zuwa da nata ƙazafin, kowace annoba tana zuwa da tata jita-jitar, kamar yadda muka gani lokacin mashaƙo a Kano, kuma yanzu ana iya ƙirƙirar muryar malami ko ta sarki da kwamfuta a sa ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Idan aka jira sai irin wannan ta tayar da gobara a wani gari, dokar da za a yi cikin fushi za ta fito da irin fuskar 2019 ko ta 2021, kuma talaka ne zai sake biya. Ina roƙonka ka jagoranci kawo wannan ƙuduri tun ana zaune lafiya, kuma kafin a rubuta shi a saurari waɗanda zai shafa. A yi zaman jin ra'ayi a Bichi ko Dambatta, da Hausa, a gayyato dagatai da limamai da alƙalai da ƙungiyoyin mata da masu sana'ar waya da 'yan jarida da matasan da ke cin abinci a dandalin, a gayyato wakilan kamfanonin su zauna su ji. A tambayi dillalan kara yadda suke yi in saniya ta zama ta sata, domin amsar da za su bayar ita ce ƙashin bayan dokar da muke nema.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama da jama'arka lafiya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka.

Wassalamu alaikum.

Naka,
Ɗaya daga cikin 'yan mazaɓarka ta Kano ta Arewa.